Shin wanda ya sayi yaro laifinsa ɗaya da wanda ya sayar da shi?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya a kan ƙanwarta, wadda ta shekara 13 a ɗakin miji Allah bai ba ta haihuwa ba. Wata mata ta yi mata tayin haɗa ta da wani asibiti a kudancin ƙasar nan, inda za a miƙa mata jariri sabuwar haihuwa idan ta biya abin da suka kira kuɗin ɗawainiya, kuma a yi mata takardar haihuwa da sunanta da na mijinta. Tana son ta sani, idan asiri ya tonu, wa hukuma za ta kama, tunda ƙanwar tata ba sata ta yi ba kuma niyyarta riƙo ne na alheri. Ta kuma tambaya ko hukuncin ya shafi wanda dillaliya ta kawo masa yarinya 'yar aiki daga ƙauye.

Hajiya, amsar a taƙaice ita ce hukuma za ta kama matar da ta yi tayin da mai asibitin, kuma za ta kama ƙanwarki, da mijinta idan da saninsa aka yi. Dokokin Najeriya da suka yi magana a kan cinikin mutum sun ambaci mai saye da mai sayarwa a cikin jimla guda, suka tanadar musu hukunci guda, kamar yadda tun asali doka take hukunta mai karɓar kayan sata tare da ɓarawo. Kyakkyawar niyya na iya sa alƙali ya sassauta a lokacin yanke hukunci, amma ba ta goge laifin, kuma a wasu sassan dokar an ɗaure hannun alƙalin yadda ba zai iya sauka ƙasa da wani adadi na shekaru ba ko da tausayi ya kama shi.

Bari in fara da dokar tarayya ta hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, kuma wadda ta maye gurbin ta 2003 da ta kafa hukumar. Sashe na 21 ya ce duk wanda ya sayi mutum, ko ya sayar, ko ya ɗauko shi haya, ko ya bayar da shi haya, ko ya mallake shi ta wata hanya, da nufin a ci da guminsa ko a cutar da shi, ko yana sane da cewa hakan na iya faruwa, ko yana da dalilin da ya kamata ya sa ya sani, to hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba tare da tarar da ba ta gaza naira miliyan 2 ba. A lura da abu biyu. Shekara 5 ita ce mafi ƙaranci, alƙali na iya hawa sama da ita. Sannan ɗauri ne haɗe da tara, ba zaɓi aka bayar tsakaninsu ba. Ɗaya daga cikin manyan gyare-gyaren 2015 ke nan, domin a ƙarƙashin tsohuwar dokar an sha ganin mai laifi ya biya tara ya koma gida a ranar.

Gaskiya ta wajabta in faɗi cewa wannan sashe yana da ƙofar da lauyan mai saye zai nemi bi ya fita. Sharaɗinsa shi ne a tabbatar da nufin cin zali, irin su bautarwa, aikin dole, karuwanci ko cire sassan jiki. Matar da ta sayi jariri don ta goya shi, ta sa shi makaranta, ta kira shi ɗanta, za ta ce ita ba ta nufi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma kotu za ta saurari wannan hujja. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ɗauka sun tsira. Sai dai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta toshe wannan ƙofa, domin sashe na 30 nata ya fara ne da hani kai tsaye: kada wani ya sayi yaro, ko ya sayar, ko ya yi hayarsa, ko ya mallake shi, ko ya yi kowace irin hulɗar ciniki da shi, kuma hukuncin wanda ya saɓa ɗaurin shekara 10 ne. Yaro a wurin wannan doka, haka ma a ta NAPTIP, shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Dokar tana aiki kai tsaye a Abuja, jihohi kuma kowace ta kafa tata a kan wannan tubali, wasu da 'yan sauye-sauye. Kano ta samu tata Dokar Kare Yara a 2023. Tunda a kudu za a yi cinikin, dokar jihar da aka miƙa kuɗin aka karɓi jaririn za ta iya hawa kan ƙanwarki, don haka ba abin mamaki ba ne ta tsinci kanta a gaban kotun garin da ba ta da kowa a cikinsa. Akwai kuma tsohon kundin laifuffuka na Arewa, Final Kod, wanda sashe na 278 nasa ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 da tara ga wanda ya sayi ko ya sayar da wanda bai kai 18 ba don karuwanci ko wata haramtacciyar manufa, sashe na 279 kuma ya tanadi har shekara 14 ga mai cinikin mutum a matsayin bawa.

Mai gabatar da ƙara ba ya zuwa da tuhuma ɗaya. Zai haɗa da haɗa baki wajen aikata laifi, tunda aƙalla mutum uku ne suka shirya abin. Zai haɗa da yin takardun jabu da ba wa ma'aikacin gwamnati bayanin ƙarya, saboda takardar haihuwar da za a karɓo daga Hukumar Ƙidaya da sunan matar da ba ta haihu ba. Idan kuwa ya bayyana cewa jaririn sato shi aka yi, sai sashe na 27 na Dokar Haƙƙin Yara ya shigo, wanda ya tanadi shekara 10 ga raba yaro da iyayensa a fitar da shi daga jiharsu, da shekara 15 zuwa 20 idan ƙasar aka fitar da shi. Ko da mahaifiyar ce da kanta ta miƙa shi ta karɓi kuɗi, yardarta ba ta halatta cinikin, domin ita ma ba ta da ikon sayarwa. Abin da yardar ke yi kawai shi ne ta ƙara yawan waɗanda za a gurfanar.

Abin da nake so ƙanwarki ta tambayi kanta kafin ta tambayi lauya shi ne daga ina jaririn zai fito, kuma mu a Arewa mun riga mun ga amsar da idonmu. A watan Oktoba na 2019 rundunar 'yan sandan Kano ta sanar da ceto yara 9 a Onitsha ta jihar Anambra, waɗanda aka sace daga unguwanni irin su Hotoro, Kawo, Sauna, Yankaba da Dakata, aka sayar da su, aka sauya musu suna da addini, har wasunsu suka dawo ba sa jin Hausa. Gwamnatin jihar ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, iyaye da dama suka fito da hotunan 'ya'yansu da suka ɓata. A watan Yuli na 2021 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa jagoran gungun, wanda ya amsa laifinsa, ɗaurin shekara 104 jimilla. Duk wanda ya ji kukan iyayen nan a rediyo ya san irin abin da ake nufi da kuɗin ɗawainiya. Mutumin da ya ɗauke yaro a hanyar Islamiyya bai yi haka don yana son yaron ba, ya yi ne don ya san akwai wanda ke jira da kuɗi a hannu, kuma da yawa daga cikin masu jiran nan mutane ne masu neman haihuwa irin ƙanwarki, waɗanda suka zaɓi kada su tambaya. Ɗaya hanyar kuma ita ce gidajen da ake tsare 'yan mata masu ciki, wasu an yaudare su da alkawarin aiki, wasu ma a gidan aka yi musu cikin, su haihu a karɓe jaririn a sallame su da abin da bai taka kara ya karya ba. 'Yan sanda da NAPTIP sun sha fasa irin waɗannan gidaje a Abia, Imo, Anambra, Ribas da Legas, kuma galibinsu da allon asibiti ko na gidan marayu suke fakewa. Bai kamata mu mayar da wannan zancen ƙabila ba, domin ranar da mace ta tashi daga Kano ko Zariya ta biya kuɗi ta karɓo jariri a can, ta zama daidai da wadda ta karɓi namu.

Hujjar da kusan kowane mai saye ke kawowa ita ce bai sani ba, an ce masa maraya ne, ko uwar ce ta yar da shi. Kotu ba ta tsayawa a kan abin da mutum ya ce ya sani, tana duba abin da mai hankali a matsayinsa zai gane. Wanda ya biya maƙudan kuɗi hannu da hannu ba rasit, bai ga jami'in walwala ba, bai tsaya gaban alƙali ba, aka ce masa ya zo da dare, aka ba matarsa shawarar ta riƙa cusa tsumma a ciki na wasu watanni ko ta ɓuya a wani gari har a ce ta haihu, zai yi wuya ya gamsar da kowa cewa ya ɗauka halattacciyar hanya ce. Saƙonnin waya, shaidar tura kuɗi ta banki da gwajin ƙwayoyin halitta su ne ke kammala shari'ar. Akwai dai wani rukuni da nake ganin ya cancanci a bambanta shi, wato matan da ake yi wa damfarar cikin bogi: ana yi musu allurai jikinsu ya kumbura, a hana su zuwa wani asibiti da hujjar cewa na'ura ba za ta ga cikin ba, ranar haihuwa a bugar da su da magani, su farka a miƙa musu jariri. Wani binciken BBC da aka fitar a 2024 ya nuna yadda ake wannan a Anambra. Matar da ta gaskata da zuciya ɗaya cewa ita ta haihu tana da kariya ta gaske a gaban kotu, ko da yake ana iya karɓe yaron. Ƙanwarki ba ta cikin wannan rukuni, domin an faɗa mata abin da za a yi tun kafin ta biya.

Shari'ar da ta fi fito da matsayin mai saye fili a yankinmu a Nijar aka yi ta. A 2014 aka tuhumi mutum kusan 30, cikinsu har da manyan jami'ai da matansu, da karɓo jarirai daga Najeriya ta hanyar Jamhuriyar Benin suna cewa su suka haife su. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai shugaban Majalisar Dokoki na lokacin, marigayi Hama Amadou, wanda ya musanta zargin har ƙarshe yana cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ne, kuma a watan Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta yanke masa ɗaurin shekara 1. Ba siyasar ce ta dame ni a nan ba. Abin lura ga mai nazarin doka shi ne ginshiƙin tuhumar ya kasance jingina wa mace ɗan da ba ta haifa ba, da yin takardun jabu, kuma a farkon 2015 kotun farko ta ce ba ta da hurumi sai kotun farar hula ta fara tantance iyayen yaran, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan matsayi. Wannan ya nuna abu biyu: muƙami ba ya hana a gurfanar da wanda ake zargi da saye, amma kuma idan ba a gano ainihin uwar ba, shari'ar takan koma ta takardu, hukuncin ya yi sauƙi.

A nan ne nake da ƙorafi a kan yadda ake aiwatar da dokokinmu. A rubuce mai saye da mai sayarwa daidai suke, amma a aikace dillali da ungozoma da direba su ne suka fi cika gidan yari, mai saye kuwa sau da yawa a karɓe yaron, a ɗauki bayaninsa, a mayar da shi mai ba da shaida, ya tafi. Dalilan sanannu ne. Mai gabatar da ƙara yana buƙatar bakinsa don ya kama na sama, shi ne mai kuɗin ɗaukar babban lauya, kuma jama'a na kallonsa da idon tausayi a matsayin wanda rashin haihuwa ya tura. Ina jin wannan tausayin, na san irin gorin da mace ke sha a gidan miji da wajen dangi idan shekaru suka tura ba ta haihu ba. Amma kuɗin mai saye ne ke ɗaukar nauyin sana'ar gaba ɗayanta, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Palermo ta 2000, wadda Najeriya ta amince da ita, ta saka karɓar mutum cikin ma'anar safara, ta kuma wajabta wa ƙasashe su daƙile buƙatar da ke haifar da ita. Kada ƙanwarki ta dogara da wannan sakaci, domin ba haƙƙi ba ne da za ta nema a kotu, sa'a ce da wani ke samu wani ya rasa.

Batun 'yar aiki ya fi kusa da gidajenmu fiye da yadda muke son amincewa. Sashe na 23 na dokar 2015 ya haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma ya ambaci mai ɗauka, da mai nema, da mai kawowa, da mai karɓa, da mai ajiyewa, da hukuncin ɗaurin wata 6 zuwa shekara 7. Uwar gidan da ta karɓi yarinya 'yar shekara 9 daga hannun dillaliya, tana biyan kuɗin wata ga dillaliyar ta cire la'adarta ta aika saura ƙauye, ita ce mai karɓa da dokar ke nufi, ko da tana ciyar da yarinyar tana yi mata ɗinkin sallah. Idan yarinyar ta haura 12 amma ba ta kai 18 ba, laifin yana tabbata ne idan aikin ya zama na cin zali ko mai cutar da lafiyarta da tarbiyyarta, kuma hana ta haƙƙinta, ko dukan da ya yi mata rauni, ko lalata da ita, duk suna ƙara nauyin hukuncin. Riƙon ɗan 'yan'uwa da muka gada, inda yaro ke zama ɗan gida ya je makaranta tare da sauran yara, daban yake, kuma abin da ke raba su a idon mai bincike shi ne ko kuɗi na tafiya, da wanda ke karɓarsu, da kuma ko yarinyar na zuwa makaranta.

Mafi nauyin hukunci yana kan wanda ya biya kuɗi don ya yi lalata da yaro ko yarinya. Kawali ko magajiyar da ta kawo ta tana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba da tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba a ƙarƙashin sashe na 16 na dokar NAPTIP. Shi kuwa wanda ya biya, sashe na 31 na Dokar Haƙƙin Yara ya ɗauki abin da ya yi a matsayin fyaɗe mai hukuncin ɗaurin rai da rai, kuma ya faɗa ƙarara cewa ba hujja ba ce ya ce ya zaci ta kai 18, ko ya ce da yardarta. A wannan fage mai saye ya fi mai sayarwa shiga uku. Jihar Kaduna ma ta tsananta nata kundin a 2020, ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai 14 ba fyaɗe. Kiran abin da sunan aure ba ya canza shi idan ciniki ne: Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a Nijar a 1996 kan sefa 240,000 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake saye a riƙe ta kamar mace ta biyar ba tare da ɗaurin aure ba, a 2008 kotun ECOWAS ta ce bauta ce, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya ta diyyar sefa miliyan 10 saboda gaza kare ta, kuma tun 2003 dokar ƙasar ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga laifin bautarwa.

Ta fuskar addini ma hanyar a rufe take. Ya tabbata a hadisin Bukhari cewa wanda ya sayar da ɗa, wato mutumin da ba bawa ba, ya ci kuɗinsa yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, kuma cinikin da aka haramta wa mai sayarwa bai halatta ga mai saye ba. Suratul Ahzab ta yi umarni a kira yara da sunan ubanninsu, don haka takardar da za ta jingina yaron ga mijin ƙanwarki ƙarya ce da za ta haifar da rikicin gado da na muharramaka bayan shekaru. Abin da shari'a da doka suka buɗe shi ne riƙo ta hannun hukuma. A Kano ana neman wannan ta Ma'aikatar Harkokin Mata, wadda ke kula da gidan marayu na Nasarawa, kuma kowace jiha tana da sashen walwalar jama'a mai irin wannan aiki. Za a cike takardu, jami'ai su ziyarci gidan, a binciki lafiya da hali da abin hannun masu nema, sannan kotu ta ba da umarni. Hanyar tana da jira, wani lokaci mai tsawo, amma yaron da aka samu ta nan ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa wata rana ya tafi da shi. Ƙanwarki za ta iya yi masa kyauta tana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiyarta ba.

Idan har ƙanwarki ta riga ta ba da wani abu a matsayin kafin alƙalami, kada ta ƙara ko kwabo, kada kuma ta goge saƙonnin da suka yi da matar ko shaidar tura kuɗin, domin su ne za su nuna cewa ta janye kafin a miƙa mata kowa. Ta samu lauya, su je ofishin NAPTIP mafi kusa, akwai na shiyya a Kano da Sakkwato, ta ba da lambar matar da sunan asibitin. Wanda ya kai kansa kafin a karɓi yaro matsayinsa a wurin masu bincike ya sha bamban da na wanda aka samu da jariri a goye, kuma bayanin nata na iya kai jami'ai gidan tun 'yan matan da ke ciki ba su haihu ba.